Fiye da shekara 200 ana neman lissafin toshewar jijiyar jini

Mai karatu, ka taɓa lura da inda yashi ke taruwa a rafi? A kwana yake kwanciya, inda ruwa ya rage gudu. To, kitsen da ke daskarewa a bangon jijiyoyin jini har ya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki shi ma yana da wuraren da ya fi so. Lissafi ya sha wuya kafin ya iya nuna su.

A 1775 Leonhard Euler ya rubuta ƙa'idojin gudanar jini a cikin jijiya, amma warware su ya gagare shi. A shekarun 1840 likitan Faransa Poiseuille ya gwada ruwa a siraran bututan gilashi, ya gano cewa idan faɗin bututu ya ragu da rabi, abin da ke wucewa zai ragu ninki 16, matuƙar ƙarfin turin bai canza ba. Ka ga ke nan ƙaramar toshewa ba abin rainawa ba ce. Sai dai jijiya ba miƙaƙƙen bututu ba ce, kuma zuciya bugawa take yi. John Womersley ne ya shigar da bugun cikin lissafin a 1955.

A 1969 Colin Caro da abokan aikinsa a Landan suka nuna cewa kitsen ya fi farawa a inda jini ke gogar bango a hankali. A 1985 David Ku da abokansa suka ƙarfafa hakan a mararrabar jijiyar wuya. Bambancinsa da yashi shi ne, a nan bangon ne da kansa yake barin kolestarol ya kutsa ciki.

To yaya za a lissafa gogayya a jijiya mai lanƙwasa? Ai biro da takarda ba za su iya ba. Dabarar ita ce a yanyanka siffar jijiyar zuwa dubban ƙananan gutsattsari, kwamfuta ta warware kowane, sannan a harhaɗa amsoshin. A 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da manhajar HeartFlow, wadda ke amfani da hoton sikanin zuciya ta ƙiyasta yadda toshewa ta rage gudun jini, ba tare da an zura wa majiyyaci waya ba.

Inda gizo ke saƙar yanzu shi ne lokaci. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a rana, kitse kuwa shekaru yake ɗauka yana girma. Kwamfuta ba za ta bi kowane bugu ba. Shi ya sa masu bincike ke lissafa 'yan bugu kaɗan, su ɗauki matsakaicin gogayyar, su tura girman kitsen gaba da kwanaki, sannan su sake lissafi da sabuwar siffar jijiyar. In tsallen ya yi yawa, kuskure ya taru. In ya yi kaɗan, aikin ba zai ƙare ba. A kan daidaita wannan ake ta fama, domin wata rana likita ya san wace jijiya ce za ta toshe tun kafin ta kayar da mai ita.