Destiny 2: tarihin hasashen masoya, wanda ya tabbata da wanda ya sha ruwa

Masu bibiyarmu sun saba ganin labarin fim da waƙa a nan, to yau gem ne, amma gem ɗin da labarinsa ke tafiya zango-zango kamar fim mai dogon zango. Duk wanda ya taɓa zama ana musu a kan abin da zai faru a Labarina mako mai zuwa ya riga ya san irin cutar da ke damun masoyan Destiny. Gargaɗi tun da wuri: za mu fasa ƙwan labarin, wanda bai so ya tsaya a nan.

Kamfanin Bungie na Amurka, wanda ya ƙirƙiri Halo, shi ya saki Destiny a watan Satumba 2014, sannan Destiny 2 a Satumba 2017. Ana buga shi ta intanet a kwamfuta da PlayStation da Xbox. Labarin a taƙaice: wani ƙaton dunƙulen abu fari mai suna Traveler ya zo wa 'yan Adam da ci gaba, sai abokin gabarsa ya biyo sawu ya rusa komai, saura birni ɗaya tak. Mai buga gem ɗin matacce ne da wata 'yar na'ura mai suna Ghost ta tayar, ta ba shi ƙarfin da suke kira Haske, amma ba ya tuna ko shi wane ne a rayuwarsa ta farko. Wannan mantuwar ita ce uwar rabin hasashen da ake yi.

Me ya sa hasashe ya yi yawa haka? Bungie ba ya zuba labarin a faranti ɗaya. A gem na farko ma yawancin tarihin ba ya cikin wasan, sai ka je shafin kamfanin ka karanta wasu katuna da ake kira Grimoire. Daga baya aka riƙa ɓoye shi a bayanin bindiga, a jikin sulke, a hirar da wani zai yi kana wucewa. Shi ya sa masoya suka gina rumbun Ishtar Collective inda suke tara kowane rubutu, wasu kuma irin su My Name is Byf suka mayar da fassara labarin sana'a a YouTube.

Waƙar Savathûn

Wannan ya fi shafar mu masu son kiɗa. A Oktoba 2019 aka saki babin Shadowkeep da sabon kiɗan buɗe wasa, kowa ya ji shi sau ɗaruruwa ba tare da ya kawo komai a ransa ba. A 2020 sai aka ji Lord Shaxx, mai kula da filin gasa, yana rera wata 'yar waƙar shirme da wannan karin. Eris Morn ta gargaɗi mutane cewa karin na Savathûn ne, sarauniyar makirci ta jinsin Hive, kuma duk wanda ya shiga kunnensa ta samu ƙofa a kansa. Daga baya aka ji Crow yana fito da shi. Nan masoya suka gane ashe su kansu an daɗe da ɗana masu tarkon tun daga allon farko. A ganina babu wata dabara a duk tarihin gem ɗin da ta kai wannan, domin da kiɗa kawai aka shigar da mai wasa cikin labarin. Tun daga nan babu sautin da ke wucewa ba a saurare shi sau biyu ba.

Osiris

A ƙarshen 2020 Osiris, tsohon malami mai taurin kai, ya rasa Ghost ɗinsa mai suna Sagira. Ya dawo birni, ya zauna kusa da shugabanni yana ba da shawara. Sai mutane suka fara lura: maganarsa ta canza, yana yawan leƙa abin da bai shafe shi ba, kuma shawarar da zai bayar sau da yawa rigima take ƙarawa. Aka yi watanni ana cewa wannan ba Osiris ba ne, wasu na cewa ai baƙin cikin rashin Sagira ne kawai. Ranar 24 ga Agusta 2021 aka buɗe sabon zango, gaskiya ta fito: Savathûn ce ta shiga rigarsa duk tsawon lokacin. Masu hasashe suka ci wannan fes.

Amma ba su daɗe suna murna ba. Da aka nuna tallan The Witch Queen, wanda ya fito 22 ga Fabrairu 2022, an ga Savathûn da dakarunta riƙe da Haske, kusan kowa ya ce sata ta yi, har jaruman cikin labarin ma haka suka ɗauka. Ashe mutuwa ta yi, wani Ghost mai suna Immaru ya tayar da ita kamar yadda aka tayar da kowa. Wato ba ta, aka yi.

Buri na 15

A Satumba 2018 aka buɗe farmakin Last Wish, wanda 'yan wasa shida ke shiga tare. A ciki akwai wani bango da ake harbi da tsari na musamman a samu biyan buƙata. An gano tsari 14, amma gem ɗin ya nuna akwai na 15. Shekara biyar cur ana nema, ana auna zane a jikin bango, ana ƙirga taurari, ba a samu komai ba. Sai a Nuwamba 2023 Bungie ya gina zango guda a kansa, kuma wannan burin ne ya buɗe wa Crow hanyar shiga cikin Traveler. Har gobe akwai masu cewa tun farko babu abin da aka ɓoye, daga baya ne marubuta suka ɗauko zancen da suka ga ya ƙi mutuwa. Ni ma can na fi karkata, kuma ban ga laifin hakan ba.

Mutuwar Cayde-6 a 2018 ita ma ta sha hasashe, kullum ana cewa zai dawo. Ya dawo ɗin a The Final Shape ranar 4 ga Yuni 2024, da muryar Nathan Fillion, ya sake tafiya a ƙarshen labarin. A wannan babin ne Keith David ya karɓi muryar Zavala bayan rasuwar Lance Reddick a Maris 2023.

Inda abin ke zama matsala shi ne idan hasashe ya fi labarin daɗi. Lightfall ya fito a Fabrairu 2023 bayan an shekara ana gina masa gidaje a iska, sai aka ƙare shi ba a ma bayyana mene ne Veil ba, abin da aka yi ta yaƙi a kansa tun daga farko. Masoya suka yi fushi, da yawa suka ajiye wasan. A Oktoba na shekarar kamfanin ya sallami ma'aikata, ciki har da Michael Salvatori, makaɗin da ya yi aiki a kiɗan Destiny tun farkonsa. A Yuli 2024 aka sake sallamar mutum 220. Mai hasashe yana bin sawun da marubuci ya bari ne, idan marubucin ya bar aiki sawun na iya ɓacewa a tsakiyar hanya.

Abin da ake musu a kai yanzu

An kashe babban mugu Witness a 2024, labarin Haske da Duhu na shekara goma ya rufe. The Edge of Fate na Yuli 2025 ya buɗe sabon labari a kan Nine, wasu halittu tara marasa jiki da ke da alaƙa da rana da duniyoyin da ke zagaye ta, kuma ɗaya daga cikinsu ya mutu a wannan babin. Tambayar da ta fi zafi a lokacin ita ce me zai faru da sauran, da kuma inda Maya Sundaresh ta dosa da shirinta na dawo da zamanin da ya wuce.

Sai tsofaffin basussuka. Xivu Arath, 'yar'uwar Savathûn mai ji da yaƙi, Eris ta raba ta da fadarta a 2023, wanda ke nufin yanzu tana iya mutuwa, amma ba a gwabza da ita gaba da gaba ba. Savathûn kanta tana raye, kuma babu mai hankalin da zai yarda ta tuba. Akwai kuma Winnower, muryar da ta yi magana a wasu rubuce-rubuce na 2019: wasu na cewa shi ne ainihin mai gidan Duhu kuma yana nan tafe, wasu na cewa ba halitta ba ce da za a harba da bindiga, ƙa'ida ce kawai.

Ga mai son shiga wannan musu, a bambanta abu uku: hasashen da aka gina kan abin da ke cikin gem, bayanan da wasu ke tonowa daga fayilolin wasan kafin lokacinsu, da kuma "wani na ciki ya faɗa min". Na ukun nan shi ya fi yawo a waya kuma shi ya fi ƙarya. A kuma sani cewa Bungie ya cire tsofaffin babuka daga wasan, har da wanda aka kashe Cayde a ciki, sai dai a kalle su a YouTube. Destiny: Rising na waya, wanda NetEase ya saki a Agusta 2025, labarinsa a wani layin tarihi daban yake, saboda haka abin da ya faru a can ba hujja ba ce a nan.