2,147,483,647

2,147,483,647 lamba ce marar rabuwa, wato babu lambar da ke raba ta daidai ba saura sai 1 da ita kanta. Ana samun ta ne idan aka ninka 2 da kanta sau 31, sannan aka cire 1.

Tana cikin ajin lambobin Mersenne marasa rabuwa, waɗanda suka ci sunan Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa da ya rasu a 1648. Ita ce ta takwas a jerinsu. Da yake 31 ɗin ma 'yar wannan ajin ce, ana lissafa ta cikin lambobi huɗu kacal da aka sani masu wannan siffa riɓi biyu.

Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da rashin rabuwarta a 1772.

A fannin kwamfuta, ita ce iyakar ƙidayar da gurbi mai bit 32 ke ɗauka idan an ware bit ɗaya domin alamar + ko −. Saboda haka agogon tsofaffin manhajojin Unix, da ke ƙirga daƙiƙu tun 1970, zai cika ranar 19 ga Janairun 2038.