Sulalla Bakwai da Suka Riƙe Tarihin Kuɗi a Ƙasar Hausa

Masu sha'awar adana tsofaffin sulalla kan zaɓi abin da za su ajiye ta hanyoyi biyu: ko dai su bi tsada da ƙarancin samuwa, ko kuwa su bi tarihi. Ga mai son tarinsa ya ba da labarin kasuwancin ƙasar Hausa, hanya ta biyu ta fi amfani, domin sulalla bakwai kacal sun isa su nuna yadda aka taso daga zamanin wuri har zuwa naira da sefa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana tsaye ne a daidai inda al'amarin kuɗi ya sauya.

Kafin zuwan kuɗin ƙarfe, da wuri ake ciniki. Ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce. Asalinsa daga Tekun Indiya yake, musamman tsibiran Maldibs, daga baya kuma aka riƙa kawo wani iri daga gaɓar Afirka ta Gabas. Ana ƙirga shi da zambar, wato dubu, a ɗura dubu 20 cikin keso guda. Ɗawainiyarsa ita ce nauyi da ɓata lokaci wajen ƙirga, har babban ciniki kan buƙaci jakuna da masu ƙidaya. Shi ya sa ake son a ajiye ɗan wuri a gefen sulallan, don shi ne tushen lissafinsu.

Na farko a jerin shi ne riyal, wanda wasu ke kira liyari, babban kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza. An fara buga shi a 1741. Bayan rasuwar sarauniyar a 1780 aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba sauyi, saboda fataken Larabawa da na Afirka sun saba da kamanninsa, ba sa yarda da wani. Nauyinsa kusan giram 28 ne, kashi biyar cikin shida azurfa. Ayarin Sahara ne ya kawo shi daga Tarabulus zuwa Borno da Kano. Da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza riyal ɗaya a kan wuri 2,500. Attajirai sun mayar da shi ajiya, mata suka riƙa ado da shi, maƙeran fari kuma suka narkar da shi suna ƙera zobba da warwaro. Shekarar 1780 da ke jikinsa ba shaidar tsufa ba ce, domin har a ƙarni na 20 an buga shi a birane irin su Landan da Faris da Rum da Bombay.

Na biyu shi ne anini. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, suka tarar sulallansu sun yi wa cinikin talaka girma: mai sayen daddawa ko ɗan gishiri ba shi da abin da zai yi da sule. Saboda haka a 1907 aka buga kwabo da anini, anini goma su ne kwabo ɗaya. Aninin farko na alminiyom ne, yana kuma cikin sulallan farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Da aka ga ba ya jure yanayi, sai aka koma gamin jan ƙarfe da nikel a 1908. Yana da huda a tsakiya don a zura shi a zare, da tauraro mai tsini shida a bayansa, an kuma rubuta ƙimarsa da haruffan Larabci, tun da su mutanen Arewa suke karantawa. A 1911 aka ƙaro rabin kwabo, wanda Hausawa suka kira ɗari, suna da ya fito daga lissafin wuri. Anini ya daɗe da fita daga kasuwa, amma har yau ana cewa wane ba shi da ko anini, kuma da sunansa ake kiran taurarin kafaɗar hafsoshi.

Na uku shi ne sulen azurfa na 1913. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma domin Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Shekarar da ta biyo baya ta fitar da taro da sisi da sule da fataka, duka na azurfa. Sule kwabo 12 ne, fataka sule biyu, sule 20 kuma fam ɗaya. Sule da fataka suna ɗauke da hoton Sarki Joji na Biyar a gaba, bishiyar kwakwar manja a baya. Fitowarsu ta dace da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa, ga kuma haraji da aka tilasta biya da kuɗin Bature. Waɗannan abubuwa ne suka kori wuri daga manyan kasuwanni. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko, sai a 1920 aka koma buga su da tagulla, mutane kuwa suka ɓoye na azurfar suna kashe sababbin. Labarin Alhassan Ɗantata, wanda ya kai sulalla a kan raƙuma 20 bankin Turawa na Kano a 1929, ya nuna yawan tsabar da gyaɗa ta tara a birnin.

Na huɗu shi ne kwabon 1936 mai sunan Sarki Edwad na Takwas. Wannan sarki ya hau gadon sarautar Ingila a Janairu, ya yi murabus a Disamba na shekarar, kafin a fitar da kuɗi mai hotonsa a ƙasarsa. A Afirka ta Yamma kuwa, da yake kwabo da ɗari da anini ba su da hoto saboda hudar tsakiya, sunansa kawai aka sa aka fitar da su. An buga su da yawa, don haka ba su da wuyar samu, amma suna cikin 'yan tsirarun sulallan da aka taɓa kashewa da sunan wannan sarki. Ƙananan haruffan da ke jikin irin waɗannan sulalla suna nuna maƙerarsu: H da KN kamfanoni biyu ne na Birmingham, marar harafi kuma na Landan ne.

Na biyar shi ne fatakar 1959. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, ya fitar da kuɗin da suka raba ƙasar da na haɗaka. Hoton Sarauniya Elizabet ta Biyu yana nan a gaba, amma bayansu ya koma kan arzikin ƙasa: auduga a taro, koko a sisi, ganyen kwakwa a sule, tsiron gyaɗa a fataka.

Na shida shi ne kwabo 25 na 1973. Ranar 1 ga Janairu na wannan shekara Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, naira biyu a matsayin fam ɗaya, kwabo 100 a naira. Tambarin ƙasa ya maye gurbin hoton sarauniya. Kwabo 25 shi ne mafi girma a jerin, yana ɗauke da gyaɗa da dalar buhunanta irin wadda aka san Kano da ita. A kan kwabo ɗaya kuwa hasumiyar haƙar man fetur aka zana, abin da ya danne gyaɗar cikin 'yan shekaru. Jama'a ba su saki tsofaffin sunaye ba: kwabo goma ya zama sule, kwabo biyar sisi, naira biyu fam. A 1991 aka mayar da naira ɗaya ƙwandala mai hoton Herbert Macaulay, a 2007 aka fitar da ta naira biyu, amma hauhawar farashi ta hana su zama a hannun mutane.

Na bakwai daga Nijar yake, wato dala, sefa biyar. An ƙirƙiro sefa a Disamba 1945 domin ƙasashen da Faransa ke mulka. Sunan dala kuwa ya girme ta, don ya fito ne daga manyan kuɗin azurfa irin su riyal da faran biyar na Faransa. Har yau da dala ake lissafi a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa: sefa 100 dala ashirin ce, sefa 1,000 kuma jika. A jikin dala akwai kan barewa a gefe guda, a ɗaya gefen kuma tambarin Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma, wanda aka ɗauko daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan.

Wajen zaɓe, ana fifita sulen da rubutunsa da shekararsa suka fito sarai, wanda ba a huda shi ko an liƙa masa mariƙi don ado ba. Ba a goge shi da toka ko lemun tsami, domin gugar na cinye zanen tana rage masa daraja. A ajiye kowanne daban a busasshen wuri, da takardar da ke faɗin sunansa na Hausa da shekararsa. Yawancin waɗannan sulalla suna nan a tsofaffin adaka da fantimoti na gidaje, kuma duk wanda aka narkar an rasa shi ke nan. Adana su aiki ne da ya kamaci kowane gida da ya gaje su.