Ganyen Shayi da Tsayin Ƙasa

Ganyen shayi, wanda masu shayi ke dafawa a bakin tashoshin Kazaure da Babura tun bayan sallar Asuba, ba ya tsira a Jigawa, domin duwatsun Kazaure da Roni ba su da ni'imar da yake buƙata. A Nijeriya gonarsa tana Kakara, bisa tsaunin Mambila a Jihar Taraba, kimanin mita 1,600 sama da teku, inda sanyi ke jinkirta tohon ganye har ƙamshi ya taru cikinsa, kamar yadda al'amarin yake a Darjilin ta Indiya. Amma ganyen kwarin Asam da ke Indiya, mai zafi da laima, kauri gare shi da duhu, don haka yake jure madara da sukari.