Ɗiyan sarki mata: daga Andalus zuwa fadar Agadez

Idan ana lissafin sarakunan Abzin, sunayen maza kawai ake jerowa: Yunus a 1405, sai Ilisawan da ya maido fada Agadez a tsakiyar ƙarni na 15, har zuwa yau. To amma a farkon sarautar nan, ta wajen mace ake gado. Wanda ya gaji Yunus ɗan ƴar'uwarsa ne. Wato ɗiyar gidan sarauta ba ta hawa gado, amma ɗan da ta haifa shi ke hawa. Ibn Battuta ya tarar da irin wannan al'ada a Walata a 1352, ya yi mamakin ganin ɗan ƴar'uwa na cin gado ga ɗan cikin mutum zaune.

Bari mu ƙetare teku zuwa ƙasar Sifaniya, don can an rubuta rayuwar irin waɗannan mata dalla-dalla. Akwai Zaida, surukar al-Mu'tamid sarkin Ishbiliya. A 1091 Murabiɗai, masu rawani da suka fito daga Saharar nan tamu, suka kashe mijinta a Ƙurɗuba. Ta sami mafaka wajen Alfonso na 6, sarkin Kirista na Leyon da Kastila, ta shiga addininsa, ta haifa masa ɗa namiji guda, Sancho. Yaron ya mutu a yaƙi a 1108, shi ya sa sarauta ta faɗa hannun yayarsa Urraka a 1109. Manyan fada ba su yarda mace ta zauna ita kaɗai ba, aka haɗa ta aure da sarkin Aragon. Auren ya koma yaƙi, yaƙi na gaske da dawakai da takubba, kuma ta riƙe mulkinta har ta rasu a 1126. Ni dai a ganina ta fi sarakuna maza da yawa da aka sa mu haddace a lakwal.

Berengela kuwa ta gaji ƙanenta a 1217, a shekarar ta miƙa wa ɗanta Fernando. Kun ga hanyar gidan Yunus ke nan.

Abin da ke bayan duk wannan shi ne dangin uwa. Duk wanda ya auri ɗiyar sarki, ko ya aurar wa sarki ɗiyarsa, ya sa ƙafa cikin fada. Manyan Abzinawa masu naɗa sarki sun gane haka sarai, shi ya sa daga baya al'ada ta koma a naɗa ɗan sarki wanda uwarsa ƙwarƙwara ce, don kada wata ƙabila ta ce sarki ɗan ɗiyarta ne ta fi sauran. Dabara ce ta zaman lafiya, amma matan gidan ne suka biya kuɗinta: ƴaƴansu sun fita daga layin gado.

Duk da haka ba a bar su hannu sake ba. A fadar Agadez akwai Magajiya, daga cikin matan gidan sarki, mai kula da al'amuran mata. A Maraɗi ana ce wa irinta Iya, a Tsibirin Gobir kuma Inna, wadda a da can ita ce uwar ƴan bori na ƙasar baki ɗaya.