Byang Kato na Kwoi: Shekara 39 da Abin da Ya Bari

A wannan mako za mu leƙa Kwoi, a ƙasar Jaba ta kudancin Kaduna, inda aka haifi Byang Henry Kato a shekarar 1936. Da yawanmu mun san sunansa ne daga bakin fastoci, ko a jikin wani gini na makarantar tauhidi. Labarin mutumin kansa kuwa ba kowa ya riƙe ba.

Ba don aikin bishara aka raine shi ba. Mahaifinsa ya keɓe shi tun yana jariri domin ya zama mai hidimar tsafin gargajiya na mutanen Ham, ya kuma shiga horon da ake yi wa yara maza na wancan zamani. Wata baturiyar mishan ta SIM, Mary Haas, ita ce ta fara jan hankalinsa da labaran Littafi Mai Tsarki. An yi masa baftisma a 1948, yana ɗan shekara 12. Uban bai ɗauki abin da sauƙi ba, har ya janye hannunsa daga ɗawainiyar yaron. Kada mu yi saurin ganin baƙin tsohon: a idonsa, ɗan da ya yi alkawarinsa ga addinin kakanni ne aka raba shi da shi. Daga baya shi ma ya bi sawun ɗansa.

Kato ya tafi makarantar Baibul ta Igbaja, a jihar Kwara ta yanzu, a 1955. Ya auri Jummai a 1957. Yana koyarwa, ga iyali, amma ya dage da karatu ta wasiƙa har ya ci jarrabawar da ta buɗe masa ƙofar kwalejin Baibul ta Landan a 1963. Da ya dawo, aka zaɓe shi babban sakataren ECWA a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Ya riƙe muƙamin har 1970, sannan ya wuce Dallas a Amurka, inda ya yi digirin digirgir a tauhidi.

Wani zai tambaya, mutumin da ya riga ya hau kujerar sakataren babbar ikkilisiya, me ya kai shi komawa aji da mata da 'ya'ya uku? Amsar wannan tambaya ita ce zuciyar labarinsa. Mu mun saba auna mai ba da kai ga Allah da yawan azumi, da kwana addu'a, da ƙarfin murya a bagade. Kato bai raina ko ɗaya ba, sai dai ya yarda cewa hankali ma na Allah ne, kuma wanda ya miƙa zuciya ya bar kwanyarsa a kwance bai gama miƙa kansa ba. Abin da ya hana shi barci shi ne yadda ikkilisiyoyin Afirka ke cika maƙil da jama'a alhali malamai masu zurfin sani ƙalilan ne. Ya kwatanta yanayin da cutar ƙarancin jini: jiki na girma, ƙarfi babu.

A 1973 ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska ta naɗa shi babban sakatare, ɗan Afirka na farko a wannan kujera, ya koma Nairobi da zama. A 1974 ya yi jawabi a babban taron bishara na duniya a Lausanne. A 1975 littafinsa, Theological Pitfalls in Africa, ya fito.

Littafin nan ya tayar da ƙura. A ciki ya soki manyan masana irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya, yana ganin sun ɗaga addinin gargajiya har sun kusa mai da shi wata hanyar ceto ta daban. Waɗansu sun ce bakin turawan mishan ya ara. Kwame Bediako na Ghana ya yi masa raddi mai nauyi bayan mutuwarsa. Mu dai a ganinmu Kato ya tsananta a wasu wurare, kuma bai ba abokan muhawararsa cikakken haƙƙinsu ba. Amma zargin aron baki bai zauna ba. Shi ba a littafi ya karanta tsafi ba, a ciki ya tashi, ya san tsoron da ke tare da shi. Kuma shi ɗin ne ya yi ta nanata cewa a yi wa Allah sujada da harsunanmu da kiɗanmu, muddin Littafi Mai Tsarki ne ma'auni.

Ya nemi a kafa manyan makarantun tauhidi biyu, ɗaya ta masu Faransanci, ɗaya ta masu Turanci, da hukumar da za ta riƙa tantance ingancin makarantun Baibul a nahiyar. Bai ga ko ɗaya da idonsa ba. Ranar 19 ga Disamba, 1975, yana hutu da iyalinsa a gaɓar teku kusa da Mombasa, ruwa ya ci shi. Shekarunsa 39.

Hukumar tantancewar ta tsaya da ƙafarta a 1976. Makarantar Bangui, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta buɗe a 1977, ta Nairobi kuma a 1983. Har yau suna yaye ɗalibai, cikinsu har da 'yan ƙasarsa.