Land Rover a Yashin Daura

Zamanin En'e, tun Sarkin Daura Abdurrahman na kan gadon sarauta har Muhammadu Bashar ya gaje shi a 1966, duk wanda ya hango ƙurar Land Rover a hanyar Zango ko Ɓaure ya san hukuma ce tafe, ko malaman dabbobi masu allurar shanu. A 1948 aka fara ƙera ta a Ingila, daga baya kamfanin Leyland ya riƙa harhaɗa ta a Ibadan.

A garejin kawuna na san ta. Bodinta sanholo ne, ba ya tsatsa, amma yoyon baƙin mai kamar gado ta yi. Babban ciwonta shaf ɗin baya: direba ya kafe a yashi, ya danna totur da zuciya, sai ka ji ƙas! Kawu ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, hannun direba ne ya karya ta." Ga lagireto na tafasa da bazara.

Gyaran bai fi ƙarfin aljihu ba sai bayan 1986, da naira ta faɗi. Kayan gyara suka yi tsada, aka koma neman na hannu a Ƙofar Ruwa, Kano. A hankali Toyota ta ƙwace hanyar Mai'aduwa.